Muryar Lukuman a Kaset ɗin Kabo

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, duk mai biki ko walimar saukar Alƙur'ani a Gwarzo da ƙauyukanta, in dai yana son a ɗaukar masa a bidiyo, shagon Lukuman yake nufa. Ɗan ƙaramin shago ne a bayan tasha. Ba abin da ke ciki sai tebur, da akwatin bidiyo guda biyu ɗaya a kan ɗaya, da talabijin, da wata ƙatuwar baƙar kyamara da ake saɓawa a kafaɗa, mai cin babban kaset irin wanda ake kallo a gidaje. Da wannan kyamara ya yi aure, da ita kuma yake riƙe da matarsa Halimatus Sa'adiya, da ƙaramar 'yarsu Humaira, da mahaifiyarsa Inna Marka.

Zuwan Shari'a sai ya taɓa masa sana'a ta inda bai zata ba. Magidanta suka daina yarda namiji ya shiga tsakiyar mata da kyamara, alhali mata ne masu son kaset. Ɗaurin aure kaɗai ba mai biya a ɗaukar masa, tunda ba komai a ciki sai maza a zaune a kan tabarma, a shafa fatiha a watse. Ga fetur kullum yana tashi, sabon kaset ya yi tsada. Lukuman ya fara dawowa gida tun kafin la'asar.

Ran nan ya shigo da kyamarar har tsakar gida, ya tarar da Sa'adiya tana tankaɗe.

"Sa'a, wanke hannunki ki ɗaga wannan in gani."

"In ɗaga in kai ina, Baban Humaira?"

"Kafaɗarki."

Ta ɗauka wasa yake, sai da ta ga bai yi dariya ba. Ya saɓa mata ita a kafaɗa, ya nuna mata inda za ta sa ido. Sai ga tsakar gidansu a cikin ɗan gilashi, kaji da turmi da komai, ƙanana kamar a mafarki. Ta yi dariya, hoton ya girgiza.

"Abu na farko ke nan," in ji shi. "Mai ɗauka ba ya dariya da kafaɗa."

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Abdulmuttalib, malamin Islamiyya a unguwarsu, wanda ko a bikin 'yarsa bai bari an shigo da kyamara ba. Lukuman ya je ya durƙusa a zaure, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Malam ya daɗe yana jan carbi.

"Mata za ta ɗauka, a cikin mata?"

"Haka ne, Malam."

"To in an ɗauka, wa zai zauna ya tace? In kai ne, ai ka ga abin da aka hana ka shiga ka gani."

Lukuman bai taɓa yin wannan tunani ba. Malam ya ce ya yarda, amma ɓangaren mata ita za ta tace da hannunta. Ta haka Sa'adiya ta koyi aiki biyu a lokaci ɗaya.

Ɗaukar ta ba ta wahala. Kyamarar nauyi gare ta, in ta dawo daga biki sai an gasa mata kafaɗa da ruwan zafi. Ya koya mata ta riƙa ba taga baya kada fuskoki su yi baƙi, ta daina yawan jawo hoto kusa, ta riƙe numfashi in amarya za ta ɗago kai. Amma a tacewa sai ta fi shi. Akwati ɗaya yana kunna ainihin kaset ɗin da aka ɗauka, wanda suke kira masta, ɗayan yana naɗa, mutum yana zaune da yatsa a kan maɓallin tsayarwa. In ya makara da ƙiftawar ido, sai ƙeyar wani ko bango ya shiga aikin, a koma baya a sake. Lukuman mai gajen haƙuri ne, yakan ce masu biki ba za su lura ba. Ita kuwa sai ta sake, ta sake, har wurin haɗin ya ɓace. Ba a daɗe ba matan Getso da Gammo suka fara aiko wa da saƙo cewa matar mai bidiyo suke so.

Ba su taɓa yin doguwar gardama ba sai a kan kayan aiki. Duk zuwansa Kano sai ya dawo da labari: yanzu ƙaramar kyamara ake yayi, mai ɗan kaset kamar akwatin ashana, a zuba hoton a kwamfuta a tace, a fitar a faifai.

"Kin san dai duk kwafin da muka yi hoto raguwa yake. Masta tas, na hannun mai biki dishi-dishi. A kwamfuta ba ya raguwa ko kaɗan."

"Wutar fa? Janaretan nan namu ko fanka da talabijin da ƙyar yake ja. In ta lalace wa zai gyara mana a Gwarzo? Kuma a Dugabau gidan wa ka ga injin faifai? Ni da za ka ji tawa, makirfo mai kyau za mu saya. Mutane sun fi yin ƙorafi a kan sauti."

"Ke dai ba kya son sabon abu."

"Ina son abin da zai yi aiki ranar da aka ɗauke wuta."

Suka yi ta ja har damina ta wuce. A ƙarshe shi ya sauko. Ya ce a bar kwamfuta tukuna, amma ƙaramar kyamara kam sai ya saya, tunda ana iya jona ta da akwatunansu a tace kamar yadda aka saba.

"Ba don yayi ba," ya ce. "Ina ganin yadda kike ɗaga hannun nan in za ki yi kabbara."



Aiki na ƙarshe da suka yi tare shi ne bikin Aishatu, 'yar Hajiya Uwaliya ta Kabo. Kyamara ɗaya gare su, don haka shi ya ɗauki ɗaurin aure da hantsi, sannan ya kawo mata ita zaure ta shiga cikin mata. Washegari ya tafi Kano. A hanyar dawowa, bayan an wuce Rimin Gado, tayar motarsu ta fashe. Kafin a kai su asibiti rai ya yi halinsa.

Ƙaninsa Ƙasim, wanda ke noma a Gammo, shi ya je ya karɓo gawa. Bayan an dawo daga maƙabarta ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, ya turo wani ɗan kwali ta ƙarƙashin labule.

"Yaya Sa'a, wannan a ƙirjinsa aka same shi. Ya rungume."

Ko kusurwar kwalin ba ta lotse ba. Ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa, ba ta buɗe ba.

Ana cikin zaman makoki wata 'yar'uwar Inna Marka da ta zo daga nesa ta ce a nuna mata hoton mamacin, rabonta da shi tun yana yaro. Aka duba ɗaki, aka duba jakarsa. Ba a samu komai ba sai ɗan hoton katin shaida, wanda hatimi ya cinye rabin fuskar. Mutumin da ya ɗauki rabin garin Gwarzo a hoto. Matan da ke wurin suka yi salati. Humaira ba ta kai shekarun da za ta riƙe fuska ba.

Tunda takaba ta hana ta fita, ta sa Ƙasim ya kwaso mata kayan shago gaba ɗaya. Duk ranar da aka kawo wuta, sai ta ajiye abin da take yi ta zauna gaban talabijin tana bin kasusuwan bidiyon ɗaya bayan ɗaya. Ba su da yawa. Saboda tsada, da zarar an ba mai biki nasa, sai su goge masta su sake ɗauka a kai. Ita da kanta ta sha cewa a goge. A waɗanda suka rage ta ga limamai da angwaye, ta ga ɗalibai da alluna, ta ga mutanen da suka riga shi mutuwa suna dariya. Shi kuwa yana bayan kyamara. Wani wuri inuwarsa ce a ƙasa, doguwa, da ƙullutu a kafaɗa. Wani wuri bakin hannun rigarsa ne yana goge gilashi.

Da kasusuwan suka ƙare sai ta tuna da kwalin. Ba yadda za a yi Lukuman ya sayi kyamara bai gwada ba. Ta jawo, ta buɗe. Kyamarar ba ta kai nauyin kwanon tuwo ba, kuma a gefenta akwai ɗan allo da ake buɗewa, har ana iya juyo shi mutum ya ga kansa. Akwai kaset a ciki, an ci ɗan kaɗan. Ta daɗe tana laluben maɓalli kafin hoto ya fito.

Kantar shago ce cike da rediyoyi. Sai titi, 'yan acaɓa suna wucewa. Sai wata jar bokiti, an jawo ta kusa an mayar, yana duba kala. Sai fuskar mai shago yana murmushi. Muryar Lukuman ta ce, "Ai ba nauyi. Za ta ji daɗinta." Allon ya koma shuɗi.

Ranar ce Inna Marka ta ji kukanta har tsakar gida, ta shigo ta zauna kusa da ita.

Bayan sadakar arba'in Hajiya Uwaliya ta zo daga Kabo. Ta yi ta'aziyya, ta tambayi marainiya, ta tambayi jikin Inna, aka daɗe ana addu'a. Har ta ɗauki mayafi sannan ta koma ta zauna.

"'Yata, wallahi da kunya nake wannan magana. An yi wa mijin Aishatu canjin wurin aiki, Fatakwal za su tafi. Kuka take, wai ko kaset ɗin nan ta tafi da shi ta riƙa ganinmu. In ba za ki iya ba, ki ba ni yadda yake in kai Kano a haɗa. Ba wanda zai ga laifinki."

Kaset ɗin Kabo shi kaɗai Sa'adiya ba ta kunna ba. Tun ranar da suka dawo yake cikin jakar kyamara.

"A'a, Hajiya. Akwai mata a ciki, an kuma ba mu amana. Zan yi."

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Ta jona wayoyi, ta goge kan akwatunan da auduga kamar yadda yake yi, ta sa sabon kaset a na ƙasa, masta a na sama. Ba ta taɓa tace ɓangaren maza ba, aikinsa ne. Sai yanzu ta san yawan maganar da yake yi in yana ɗauka. "Alhaji, a ɗan gyara hula." "Yara, ku ba ni hanya, Allah ya yi muku albarka." Da liman ya yi addu'a, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi, don bakinsa ne kusa da makirfo. Tana jin numfashinsa in ya tashi daga durƙuso. Aikinta kuwa shi ne ta cire duk wannan, don ba muryar mai ɗauka masu biki suka saya ba. Ta riƙa tsayar da naɗi daidai inda zai buɗe baki, ta saki daidai inda ya rufe. Yatsanta bai kuskure ba ko sau ɗaya, sai dai tana yi tana share ido da gefen hijabi don ta ga allon.

Aka shafa fatiha, mutane suka fara tashi. A nan ya kamata hoton ya yanke, amma bai yanke ba. Ya manta bai kashe ba. Kyamarar ta sunkuya tana kallon ƙasa, tana lilo a hannunsa. Ga ƙafafunsa cikin silifas ɗin fata, ɗaya da ɗinki a gefe, suna taka ƙasa, suna tsallake kwata, suka shiga inuwar zaure. Sai ga bakin hijabinta ya shigo hoton.

"Batir ya yi ƙasa, ki lallaɓa shi," in ji muryarsa. "Ɗayan yana jaka. Kin ci wani abu kuwa?"

"Kawo, kawo, sun fara," in ji tata muryar.

"Sa'a, na ce kin ci..."

Hoton ya juya, ya haska rufin zaure, ya yanke.

Ba ta tuna da wannan ba sam. Ta tuna zafin ranar, ta tuna guɗar mata, amma ba ta tuna ya tambaye ta wani abu ba. Ta mayar baya ta sake ji. Ta kuma mayarwa. Ranar ba ta ƙara taɓa aikin Hajiya ba, haka washegari. Da an kawo wuta sai ta koma zauren nan na Kabo, ta ji tambayar, ta ji kanta tana cewa kawo. Wani lokaci takan amsa a fili, a makare.

Ita ta fi kowa sanin abin da yawan kunnawa ke yi wa kaset. Farin layi ya fara gilmawa a ƙasan hoton, daidai kan ƙafafun. Ta gani, ta kasa dainawa.

Malam Abdulmuttalib yakan leƙo ta bayan ya tashi daga makaranta. Ran nan ya yi sallama ba ta ji ba, ya ɗaga labule ya tsaya. Da ta lura sai ta yi sauri za ta kashe.

"Bari," in ji shi. Ya zauna a bakin tabarma, shi da bai taɓa zama gaban talabijin ba. "Mayar in ji."

Ta mayar. Ya saurara kansa a sunkuye. Da muryar ta yanke ya ɗago kai.

"Allah ya jiƙan Lukumanu. Haka yake tambayata in ya zo gaisuwa, ko na karya." Ya nuna allon. "Wannan farin abin fa?"

"Kaset ɗin ne yake cinyewa, Baba. Duk kunnawa sai ya ragu."

"Ba a iya juye shi a wani?"

"Ana iyawa. Amma kwafi ba ya kai masta."

"To ki juye, Halimatu, ki ɗaga wannan ki ajiye wa yarinyar nan. Ba naki ba ne ke kaɗai. Sannan ki gama wa baiwar Allah nan aikinta, tana jira."

Ta yi yadda ya ce. Kwafin ya fito dishi-dishi, muryar ta ɗan toshe kamar daga bayan ƙofa, amma ana ganewa. Ta naɗe masta a tsumma ta sa a ƙasan akwatin kayanta. Cikin 'yan kwanaki ta ƙarasa bikin Aishatu, ta rubuta sunan ango da amarya a jikin kaset, Ƙasim ya kai Kabo. Hajiya Uwaliya ta aiko cewa ba su taɓa ganin aiki mai tsabta irinsa ba, ko tari babu.

Saura rabon gado. Lukuman bai bar gona ba, bai bar gida ba, sai kayan nan. Malam ya yi bayani cewa kafin a fitar wa Inna Marka da Ƙasim haƙƙinsu, dole a sayar da kyamara ɗaya. Akwatunan da ɗayar su zauna a rabonta da na Humaira, ta ci gaba da sana'a. Ƙasim ya ce ita ta san kan aikin, ita za ta zaɓa.

Ta ajiye su biyun a kan gado. Babbar ta san ta ciki da waje. Matashin kafaɗarta ya lotsa daidai kafaɗarsa, robar da ake sa ido ta yi santsi, madaurin hannun har yanzu yana ƙanshin turarensa da zufa. Ƙaramar kuwa baƙuwa ce, ko maɓallanta ba ta gama sani ba, kuma duk ta kalle ta sai ta ga hanyar Rimin Gado. Amma ta san babban kaset ya fara wuya a kasuwa. Ta san kafaɗarta. Ta san kuma yanzu ba mai karɓar ta in hannunta ya gaji, daga safe har yamma ita kaɗai ce.

"A sayar da babbar," ta ce ta bayan labule.

"Yaya Sa'a, kin tabbata? Na ɗauka..."

"Na tabbata, Ƙasim. Kada ka sake tambayata."

Wanda ya saya wani mai ɗaukar hoto ne daga Getso, Datti, yana son ya fara bidiyo. Ya zo da la'asar a kan babur, ya tsaya a zaure, ita tana daga ciki. Ya yi ta'aziyya, sannan ya tambaya ko akwai abin da ya kamata ya sani.

Ta faɗa masa. Murfin kaset yana cijewa, sai an danna shi da tafin hannu. Kada ya bar ta a rana. Batir ɗin da aka ɗaure da jan zare shi ne mai ƙarfi. In hoto ya fara yin launin ja, ya nuna mata farar takarda ya danna maɓallin gefe. In zai ɗauki mai jawabi ya matsa kusa, makirfonta ba ya jin nesa. Ta yi ta lissafo masa, muryarta tana raguwa, har ta fara faɗin abubuwan da kowa ya sani.

"Na gode, Hajiya," in ji Datti a hankali. "In Allah ya yarda zan riƙe ta da kyau."

Ta ji ana zuge jaka, ta ji ana ɗaure ta da roba a bayan babur. Babur ɗin ya ƙi tashi sau biyu, sannan ya kama. Ta bi ƙararsa da kunne har ya sha kwana ya shiga hayaniyar tasha.

Da ta fita takaba ta koma aiki. Biki na farko a Dugabau ne, Ƙasim ya kai ta ya jira a waje. Ta wuni tana ɗauka, kafaɗarta ba ta yi ciwo ba ko kaɗan, hoton kuma ya fito fes fiye da duk abin da suka taɓa yi. Da ta dawo Inna Marka ta tambaye ta yaya sabuwar na'urar.

"Tana da kyau, Inna," ta ce. "Gaskiyar Baban Humaira ce."

Ta shiga ɗaki ta sa batir a caji, ta zauna a bakin gado da hijabinta a jiki, har aka kira magariba.